Mutumin da Ya Karɓe Mini Moton Ɗana

La Courneuve, Lahadi bayan la'asar

Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da baƙunta, ina gaishe ka da sabon aiki. Allah ya sa ɗakin da ka kama a Bron, can gefen Lyon, ya karɓe ka, ya tsare ka a kan titi da kan pisti, filin tserenku, ya raba ka da faɗuwar da ba a tashi. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida kana jinsa wajenta a waya, ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Ranar da muka raka ka tashar jirgin ƙasa, ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Baba, tserena na farko bayan salla ne. Ina so ka zo ka tsaya mini a rumfar shirya moto." Na ce Allah ya kai mu, na juya ina duban agogon tasha kamar ni ne matafiyin. Da ka sake tambaya a waya, na miƙa wa innarka. To amsar tana cikin wannan takarda, amma sai ka yi haƙuri ka biyo ni ta doguwar hanya, don in na faɗe ta a gajarce za ka ɗauka fushi nake da kai.

Kishi ne ke damuna, gara in kira shi da sunansa tun yanzu. Ina kishin Injiniya Bulus da ka tafi aiki wajensa. Ina kishin ordinater ɗinsa, kwamfuta in ji shi, da wayoyinsa. Wani lokaci ma, Allah ya yafe mini, kai kanka ina ƙyashinka. Tsoho da furfura a gemu, yana kwana yana tashi da wannan a ciki. Zan gaya maka inda na samo shi, ko ka kauce wa hanyar.

Ka san ni a kan karbirato na tashi. A Damagaram, gindin wani dogon yaro kusa da tasha, in moto ya zo yana tari sai in kasa kunne, in ce esansi, wato mai, ya yi yawa ko iska ta yi yawa, in juya ɗan noti, in ciro buji mai ba da wuta in duba launinsa, mai shi ya hau ya tafi. Da wannan kunnen na samu aiki a garajin nan na La Courneuve, da shi na ciyar da ku. Sai aka wayi gari babura suna shigowa babu karbirato. An sa musu wani ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin wurin zama, bwatiye, shi ke yanke yawan esansin da za a fesa wa inji da lokacin da buji zai ba da wuta. Ba noti, ba abin juyawa, sai waya da ake soka masa a haɗa da ordinater. Patron, maigidan garajin, ya kira ni ofis ya ce za a tura mutum ɗaya ya koyo wannan aiki, kuma ni ya fara tunawa. Ka san abin da na ce masa? Na ce, "Ni da nake gyaran moto tun ba a haifi wanda ya ƙera akwatin ba, ni za a mayar lakkol kamar ɗan makaranta?" Ya ɗaga kafaɗa kamar yadda Faransawa suke yi, ya tura wani. Wancan yau shi ne shugaban aiki a garajin, ni kuwa ina nan ina canza taya da sarƙa da birki.

Don haka duk wanda ya ce zo in koya maka, tashi ka je, ko da ka girme shi, ko da ba ka son fuskarsa. Kada ka ce ai kai ka iya bwatiye. Shi ma zai tsufa a hannunka kamar yadda karbirato ya tsufa a nawa, kuma ba wanda zai aiko maka da sanarwa.

Pisti kuwa ni na fara kai ka. Kana ƙarami nakan riƙe hannunka ranar Asabar mu je filin nan na kusa da filin jirgin sama, mu tsaya bayan shinge muna kallo. Kai kana toshe kunne, ni ina gaya maka wanne inji ne ke da lafiya, wanne ne zai mutu kafin azahar. Shekara da shekaru ina tsaye bayan shingen nan, ban taɓa shiga da moto ba. Akwai wani Bafaranshe da nake gyara wa moto, mutumin kirki, wata rana ya cire hular kwanonsa ya miƙo mini, ya ce ga riga, ga moto, in zaga ko sau biyu in ji aikin hannuna. Na ce wani satin. Na ce wa raina ni mai iyali ne, in na karye wa zai riƙe ku. Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Ina tsoron in shiga kwana a hankali kamar mai tallan kaya, Turawa su yi mini dariya. Wani satin bai zo ba har gwiwata ta fara ciwo.

Shi ya sa ranar da na fara ganin ka kwantar da moto a kwana, gwiwarka na gogar kwalta, abu biyu suka taso mini tare. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, kuma na ce a raina wannan ai wurina ne yaron ya shiga. Na koma gida ban ce maka ka yi kyau ba, na ce sarƙar motonka ta saki. In abu ya zo maka kana so, kana da lafiyar yinsa, kuma ba saɓo ba ne, ka yi shi a lokacin. Mutumin da ya hana kansa abu saboda kunyar idon mutane, daga baya 'ya'yansa yake huce wa.

Duk da haka mun yi zama mai daɗi da moton nan naka, ba zan ɓoye ba. Ka tuna yadda ka kawo shi, wanda ya yi haɗari, gaba a murɗe, tanki a lotse. Muka sauke shi ɗakin ajiya na ƙarƙashin benenmu, muka wargaza shi har ƙashi. Kai ke miƙo mini makullin noti, ni ke ɗaurewa. Innarka takan leƙo ta ce, "Malam, abinci ya huce. Kai da yaron nan ko a can za a kai muku katifa?" Duk notin da ke jikin moton nan ya san hannuna. Kowace ranar pisti ni ke duba shi kafin ka hau, ni ke tura ka da bismilla. A lokacin in ka ji wani ƙara, ni kake juyowa ka kalla.

Sai ranar da muna rumfa muna gardama da Hausa a kan taya, wani dogon mutum mai tabarau ya tsaya ya ce, "Sannunku da aiki. Hausa nake ji a nan ko kunnena ne?" Injiniya Bulus ke nan, mutumin Jos, ya zo daga Lyon da motarsa cike da wayoyi. Muka gaisa, muka yi dariya, shi yana cewa babur da kwamfuta, mu muna cewa moto da ordinater. Na ba shi shayi da hannuna. Ya saurari injinka ya ce an haɗa shi da kyau, sannan ya tambaye ka ko moton yana fizgarka in ka buɗe wuta a tsakiyar kwana. Ka ce e, kullum. Ni ban taɓa sanin haka ba, don ba ka taɓa gaya mini ba, kuma ko ka gaya mini ba ni da abin da zan juya. Ya ce matsalar karto ce, wato lissafin da ke cikin bwatiye, mai gaya wa inji yawan esansin da zai sha a kowane gudu da kowane murɗin hannu. Na kamfani an yi shi don titi da dokar nan da ta ɗaure ƙarfin babura a doki ɗari, ga shi mun canza salansa. Ya ce ka kawo moton Vénissieux, inda wurin aikinsa yake a gefen Lyon, ya ɗora shi a kan na'urar gwaji, inda ake ɗaure moto tayar baya na juyawa a kan ganga, ya auna shi kamar yadda tela ke auna mutum.

Ka tafi, ka dawo, moton ya zama wani abu daban. Na ji da kunnena, ba zan yi ƙarya ba. Yana tashi sumul, ba tari, ba fizga. Kai ma ka zama wani daban. A kan tabarmar cin abinci ba ka da zance sai Injiniya ya ce, Injiniya ya nuna mini. Tuwo ya daina wuce mini. Wata rana na ce, "Shi Injiniyan nan shi ya miƙe maka gaban moton?" Ka tashi ka wanke hannu. Innarka ta bari ka fita, sannan ta ce, "Malam, ka ji kanka kuwa? Mutumin ya taimaki ɗanka, kai kana hura hanci." Na ce mata ba ta san inji ba.

Abin da ya biyo baya ka san shi, a jikinka yake. Amma ban taɓa gaya maka yadda na gan shi daga wajena ba, kuma akwai darasi a ciki da nake so ka riƙe fiye da duk sauran.

Ka zame a kwana, faɗuwa mara nauyi, salansa ya lotse. Na samo maka wani a garaji, wanda ya fi buɗewa, na ƙara da matatar iska irin ta tsere, ina jin daɗi na sake sa hannu a moton. Ka ce, "Baba, tunda an canza waɗannan sai an koma Lyon an sake karto." Kalmar Lyon ɗin nan ita ta tsaya mini. Na ce ba inda za a je. Akwai mai zuwa garajinmu da moto irin naka sak, launi ne kawai ya bambanta, shi ma an yi masa karto a wani wuri. Na roƙe shi ya kwafo mini nasa, ya ara mini wayar haɗawa, ya nuna mini inda ake dannawa. A Damagaram haka muke yi. In moto biyu iri ɗaya ne, sai ka ciro kayan karbiraton wannan ka sa wa wancan, in ya shiga ya tashi, an gama. Da wannan kan na zauna gaban ordinater ɗin ƙanwarka, na zuba lissafin wani a cikin akwatinka, a kan na Injiniya, ban ko ajiye nasa a gefe ba. Da na ga ya goge, har wani sanyi na ji a raina.

Na ta da inji, ya yi ƙara mai kaifi, na ce ka ji, ya fi da. Ka tsaya kana kallon moton. Na ga bakinka ya motsa. Sannan ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba."

Moton wancan mutumin matatarsa ta kamfani ce, kuma ba shekara ɗaya aka ƙera su ba. Naka yana shaƙar iska fiye da nasa, lissafin kuwa yana ba shi esansi daidai na wancan. Inji in esansi ya yi masa kaɗan zafi yake yi, ni na fi kowa sanin haka, amma a tsaye cikin ɗakin ajiya ba ya nunawa, sai an buɗe masa wuta har ƙarshe. Ranar Asabar da hantsi ina bayan shinge, ka shigo miƙaƙƙiyar hanya, na ji muryar injin ta sirance, ta bushe. Na gane kafin kowa a filin nan, kuma ba abin da zan iya yi. Fistan ya narke, tayar baya ta ƙame, ka kama kuloci amma kwana ta riga ta iso. Na ga ka cikin tsakuwa, moto a gefe, kai a gefe. Ban san lokacin da na haura shingen ba, ni da gwiwar nan tawa.

A asibiti, da aka ɗaure maka kafaɗa, na tambaye ka, "Ka san ba daidai ba ne?" Ka ce ka sani. Na ce to me ya hana ka faɗa? Ka ce, "Yaya zan ce maka a'a, Baba, kai da ka haɗa shi?"

Magaji, ni na koya maka wannan. Ni na tarbiyyantar da kai a kan cewa yaro ba ya musu da ubansa, kuma ina alfahari da kai a gaban mutanenmu, yadda kake durƙusawa ka gaida manya alhali wasu 'ya'yan unguwar nan ko sannu ba su iya ba. Ka riƙe wannan a zaure, a masallaci, a wajen suna da biki. Amma in aka zo kan injin da za ka hau, ka ajiye shi a bakin ƙofa. Wanda duk ya taɓa bwatiyenka, ka tambaye shi me ya canza, don me, a kan wace na'ura ya gwada. In amsar ba ta gamsar da kai ba, ka ce a'a, ka zare makulli ka sa aljihu. Ka ce mini a'a. Shi ma Injiniya ka ce masa, ranar da ka ga ya yi gaggawa, don shi ma mutum ne. Kada ka hau karton da aka auna wa wani moto. In ka canza salansa ko matata, a koma kan na'ura. Kafin a goge tsohon lissafi a ajiye shi. Kuma moton da aka kwance wa ɗaurin doka na pisti ne kaɗai, kada in ji ka fito da shi titin Vénissieux don samari su gani.

Da a ce Injiniya ya zage ni, da na samu sauƙi. Ya hau jirgi ya zo har gida duba ka, da ledar lemo a hannu. Na bar shi tsaye a falo na ɗan lokaci kafin in ce ya zauna, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba. Ya zauna, ya ci tuwon innarka ya yaba, ya tambayi labarin Damagaram. Ina jira ya kawo zancen karto in tare shi, na shirya maganganu tun safe. Sai da zai tafi, bayan ya sauka ɗakin ajiya ya duba moton, ya ce, "Malam, na buɗe injin. Wanda ya haɗa shi ya san aiki. Abin da ya faru kuwa, ni ma na ƙona nawa ina koyo." Na ce masa, "Mu dai ba mu yi boko ba." Ya yi murmushi ya sa takalmansa. Innarka ba ta yi mini magana ba sai washegari.

A wannan zuwan ne ya nemi in ba shi kai ka yi aiki a wurinsa in ka warke. Bai tsallake ni ba, ni ya fara tambaya, yadda ake yi. Na so ƙwarai ya yi kuskure ko ɗaya. Na ce to, Kirista ne, bari mu ga yadda zai yi da sallar yaron. Sai ka gaya wa innarka ranar Juma'a shi ke duba agogo ya ce ka ajiye aiki ka tafi masallaci. Na ce mutanen Najeriya akwai cika baki. Sai ga shi ko a waya ba ya faɗin abin da ya iya sai an tambaye shi. Na nemi aibinsa har na gaji, ban samu ba, kuma rashin samun ya fi ci mini rai. Kada ka yi haka da kowa. In mutum ya fi ka, ka ce ya fi ka tun da wuri, ka huta. Ka riƙe mutumin nan da kyau, ka gaida iyalinsa, kada ka zauna yana tsaye, kada ka kai wa wani garaji sirrin aikinsa.

Akwai abu biyu kuma da ban gaya wa ko innarka ba. Kafin ka tafi, na ji kana waya a baranda, ka ce, "To, Baba, sai na iso." Na amsa daga falo, na ɗauka da ni kake, ashe da Injiniya kake. Na sani sarai kowane yaro mai tarbiyya haka yake kiran sa'an ubansa, ni ma na kira mutane da yawa Baba. Sanin bai hana ni kasa cin abincin rana ba.

Na biyun ya fi wannan. Kai ɗan fari ne, kuma ka san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa yabonka a gaban mutane ba, ban ɗauke ka a kafaɗa a bainar jama'a ba. Haka mahaifina ya yi da yayana, haka na tarar. Ranar da aka zo ɗaukar moton, Injiniya ya dafa kafaɗarka a gaban maƙwabta, ya kira sunanka gar da gar, ya ce, "Wannan yaron yana da hannu, kuma yana da kai." Fuskarka ta washe yadda ban taɓa gani ba. Maganar nan tawa ce, Magaji. Ta daɗe a bakina tun kana miƙo mini makulli, wani ya zo daga Lyon ya faɗe ta cikin sauƙi kamar yana tambayar kwatance. Na taya su ɗaure moton a bayan mota, na ja igiya fiye da kima har ya ce ya isa. In Allah ya ba ka ɗa, ka yi masa kunyar da ta dace a gaban mutane, amma ka nemi wuri ku biyu ka gaya masa abin da ya iya, kafin wani ya riga ka.

To, ga amsar tambayarka. Ba zan zo tseren nan ba.

Gwiwa ba ta hana ni ba, patron ma zai ba ni hutu in na nema. Na zauna na auna kaina ne kamar yadda Injiniya ya auna motonka, na buɗe wuta har ƙarshe, na ga abin da ke fitowa. Na ga kaina a rumfar, shi yana gaban ordinater, kai kana sunkuye kuna duba layukan karto, ni ina riƙe da bargon ɗumama taya. Wannan zan iya jurewa. Abin da ya tsorata ni shi ne wani ɗan lungu a zuciyata da ke so injin ya yi tari. Tari kaɗan, ba na faɗuwa ba, wanda zai sa shi ya rasa amsa, kai kuma ka juyo ka kalle ni. Na yi istigfari, na yi sadaka, lungun yana nan. Kuma na riga na ga inda irin wannan ya kai mu, ƙashin kafaɗarka shaida ne. Mutumin da ke ɗauke da wannan bai kamata ya tsaya kusa da moton ɗansa ba, bai kamata ya zuba masa ido yana gudu ba. Uban da zai tura ka da bismilla, ya kamata bismillarsa ta fito duka, ba saura.

Innarka za ta zo da ƙanwarka. Ta ce za ta rufe ido daga farko har ƙarshe, amma za ta zo. Ka sama musu wurin zama a inuwa. Ni ranar zan yi alwala in zauna a kan buzuna a nan La Courneuve, inda ba na ganin mutumin, don daga nan addu'ata tana fita da tsabta. Ranar da na ji zan iya tsayawa a bayansa in ga ka wuce in yi murna ba gauraye, zan hau jirgi ko ba ka kira ni ba. Ban san yaushe ba ne. Kada ka daina tambayata.

Akwai saƙo da za ka kai masa, tunda shi ne a wurin. Ka ce in ji ni, in ranka a ɓace yake kana jinkirin taka birki, tun kana kan keke haka kake. Ana ganewa in ka yi shiru kana cizon leɓen ƙasa. Wannan ba ya fitowa a ordinater. In ya ga haka, ya riƙe ka a rumfa ya ba ka ruwa har ka sauko, ko da za a tashi ba kai. Shi ke nan abin da ya rage mini wanda bai sani ba, na ba shi.

Ka kula da salla a kan lokaci, ka ci abinci mai zafi, kada ka hau moto da yunwa ko da fushi. Ka kira innarka ko ba ka da labari. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya riƙe tayarka a kwana, ya sanyaya injinka, ya dawo da kai rumfa da ƙafafunka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka abin da ni na tsaya bayan shinge ina kallo.

Allah kuma ya yi wa hannun Injiniya Bulus albarka, ya sa duk abin da zai rubuta a akwatin nan ya zama daidai. Da na rubuta wannan na ajiye biro, na daɗe zaune kafin in iya cewa amin. Amma na ce.

Wassalam,
Mahaifinka